15 ga Janairu: Kowa da Rabin da Yake Ɗauka

Akwai wani saƙo da ke yawo a WhatsApp kusan kowace safiya, mai taken "Yau a Tarihi". Wasu gidajen rediyo ma suna karanta irinsa kafin labaran duniya. Ana jero abubuwan da suka faru a rana mai kamar ta yau, daga shekara mafi nisa zuwa ta kusa, kowanne layi ɗaya. Ni dai ina karantawa, ba na kuma raina shi, don ko ba komai yana tuna wa mutum cewa ba jiya aka fara duniya ba. Amma duk shekara in 15 ga Janairu ta zagayo, sai jerin nan ya tsaya mini a rai.

Ga yadda yakan zo. A 1918 aka haifi Jamal Abdul Nasir na Masar. A 1929 aka haifi Martin Luther King a Amurka. A 1966 sojoji suka yi juyin mulki na farko a Najeriya. A 1970 yaƙin basasa ya ƙare. A 1971 aka yi bikin buɗe madatsar ruwa ta Aswan. A 2001 aka buɗe Wikipedia. A 2009 wani matuƙi ya sauke jirgin fasinja a kan kogin Hudson, mutum 155 da ke ciki kowa ya tsira. Daga nan sai "a tura wa 'yan'uwa". Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Sai dai layi biyu, na 1966 da na 1970, ba katari ne ya haɗa su ba kamar sauran. Na farkon ne ya haifi na biyun, kuma garin nan namu, Kaduna, yana tsakiyar maganar.

Mun raba ranar nan gida biyu, kowa ya rungumi rabin da ya yi masa. Gwamnati ta ɗauki 1970, ta mayar da ita ranar fareti da ajiye furanni. Mu kuma mutanen Arewa muka ɗauki 1966, a cikinta ma muka tsinci suna ɗaya ko biyu muna yi musu ta'aziyya duk shekara. Shekara huɗun da ke tsakani babu mai son taɓa su. A ganina, duk faɗin ƙasar nan babu garin da nauyin faɗar labarin gaba ɗayansa ya hau kansa kamar Kaduna.

Daren Juma'a ne wayewar Asabar, a goman ƙarshe na azumi. Kwana uku kafin nan Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa ya sallami shugabannin ƙasashen Kwamanwel da suka taru a Legas kan rikicin Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yau. A ranar Juma'ar kanta Firimiyan Yamma, Samuel Ladoke Akintola, ya zo Kaduna ya gana da Sardauna, ya koma Ibadan. Su kuwa sojojin da ke ƙarƙashin Manjo Chukwuma Nzeogwu, babban mai koyarwa a kwalejin horar da sojoji ta nan garin, sun fita atisayen dare da aka sa wa suna Damisa. Da yawa daga ƙananan sojojin da ke cikin motocin, har da 'yan Arewa, ba su san inda aka dosa ba sai da aka tsaya kusa da gidan Firimiya. Aka buɗe wa gidan wuta da manyan bindigogin fasa tankar yaƙi, gini ya kama ci. Kafin asuba an kashe Sir Ahmadu Bello da uwargidansa Hafsatu, wadda ta ƙi barin gefensa.

Wannan kam kusan kowane ɗan Arewa ya taɓa jin sa, ko a bakin kaka ko a waƙa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ba su kaɗai ne suka kwanta dama a Kaduna ran nan ba. An kashe Zarumi, dogarin Sardauna, da Ahmed Ben Musa mai kula da tsaronsa, da direba Ahmed Pategi. An shiga har ɗakin barcin Birgediya Samuel Ademulegun, kwamandan birged ta ɗaya, aka harbe shi tare da matarsa Latifat. An kashe Kanar Ralph Shodeinde na makarantar horar da hafsoshi ta NDA. Waɗannan biyun Yarbawa ne. A cikin 'yan sandan da suka mutu a bakin aiki a daren akwai Yohana Garkawa, da Akpan Anduka, da Hagai Lai, da Musa Nimzo. Ka sake karanta sunayen nan huɗu a hankali, ka ga daga ina da ina suka fito. Ni ban taɓa halartar taron tunawa da aka ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba.

A Legas aka ɗauke Tafawa Balewa da ministan kuɗi Festus Okotie-Eboh, sai bayan kusan mako guda aka tsinci gawar Firayim Minista a gefen hanyar Abekuta, aka kai shi Bauchi. A Legas ɗin ne kuma aka kashe Birgediya Zakariya Maimalari, da Kanar Kur Muhammad, da Laftanar Kanar Abogo Largema, da Laftanar Kanar James Pam, da Laftanar Kanar Arthur Unegbe. Akintola kuwa a gidansa na Ibadan ya riƙe bindiga ya yi musayar wuta har aka kashe shi.

Sai kuma maganar da ba mu son ji: Nzeogwu ɗan Kaduna ne. Asalin iyayensa Okpanam ne kusa da Asaba, amma a nan aka haife shi a 1937, a nan ya yi makarantar St. John's wadda yau muke kira Kwalejin Rimi, yana jin Hausa kamar jakin Kano, har abokansa soja suka laƙaba masa sunan garin ya bi shi. Da tsakar ranar Asabar ɗin, ta gidan rediyon Kaduna ya yi jawabinsa, ya kafa dokar soja a lardunan Arewa, ya ce abokan gabarsu su ne masu cin riba da siyasa da masu karɓar kashi goma cikin ɗari na kwangila. A Kaduna juyin ya kama ƙasa. A Legas ya wargaje. Bayan 'yan kwanaki Nzeogwu ya miƙa wuya ga Janar Aguiyi-Ironsi, Hassan Usman Katsina ya zama gwamnan soja na Arewa. Da yaƙi ya ɓarke, Nzeogwu ya mutu a ɓangaren Biyafara kusa da Nsukka a Yulin 1967, Gowon ya sa aka kawo gawarsa Kaduna aka binne a maƙabartar sojoji da cikakkiyar girmamawar soja. Wato mutumin da ya jagoranci harin yana kwance a garin nan. Mutum nawa ne cikin masu rubuta "Allah ya isa" a Facebook duk Janairu suka san haka?

Ba ina neman wanke shi ba ne. Wanda ya shiga gidan mutum da tsakar dare, cikin azumi, ya harbe shi a gaban iyalinsa, babu jawabin rediyo da zai goge wannan. Kashi goma cikin ɗarin da ya yi ƙorafi a kai ma, sojojin da suka biyo bayansa sun nuna mana ashe wasan yara ne.

Kullum in aka taso da zancen, tambaya ɗaya ake maƙalewa a kanta: juyin Ibo ne ko ba nasu ba ne? Ta sake tashi a Fabrairun 2025 da Janar Babangida ya fitar da tarihin rayuwarsa, aka kwashe makonni ana jifan juna a intanet. Masu cewa ba na ƙabila ba ne suna da abin kamawa. Manjo Adewale Ademoyega, ɗaya daga jagororin, Bayarabe ne. Unegbe da aka kashe ɗan Ibo ne. Ojukwu, wanda daga baya ya jagoranci Biyafara, yana riƙe da bataliya ta biyar a Kano, bai ba su hannu ba. Ironsi ne ya murƙushe abin a Legas. Masu cewa na ƙabila ne su ma ba da ka suke magana ba. Yawancin manjojin Ibo ne. Ba a taɓa Firimiyan Gabas Michael Okpara ba, ba a taɓa Dennis Osadebay na Tsakiyar Yamma ba. Manyan hafsoshin Arewa huɗu aka share a dare ɗaya. Ironsi ya hau mulki, ya tsare masu laifin amma bai gurfanar da su ba, sannan a 24 ga Mayu ya fito da doka mai lamba 34 ya rushe tsarin yankuna ya mayar da ƙasa dunƙulalliya, abin da Arewa ta daɗe tana tsoro. A kasuwanni kuma wasu marasa hankali suna yawo da hotuna da habaici kan mutuwar Sardauna.

Duk wanda ya ce mutanen Arewa ba su da dalilin jin zafi a lokacin, bai yi adalci ba. Amma jin zafi daban, abin da aka aikata da shi daban, kuma a nan ne bakinmu yake mutuwa. A ƙarshen Mayun 1966 aka fara far wa 'yan Ibo a garuruwan Arewa, ana kiran "a raba". A 29 ga Yuli hafsoshin Arewa suka yi nasu juyin, aka kashe Ironsi a Ibadan tare da mai masaukinsa Adekunle Fajuyi, aka bi hafsoshi da ƙananan sojoji 'yan Gabas bariki-bariki, har da barikokin Kaduna. A Satumba da Oktoba abin ya fi muni: Kano, Jos, Zariya, Makurɗi, Kaduna. Dubban mutane aka kashe, kuma ba manjoji ba ne. Teloli ne, da akawuna, da ma'aikatan jirgin ƙasa, da mata masu sayar da kayan miya, da yara. Ɗaruruwan dubbai suka tattara abin da hannu zai iya ɗauka suka nufi Gabas. A can ma aka rama a kan 'yan Arewa mazauna garuruwansu. Daga nan hanya ta miƙe: taron sulhu na Aburi a Gana a Janairun 1967 da kowa ya dawo da tasa fassarar, jihohi goma sha biyu a 27 ga Mayu, shelar Biyafara a 30 ga Mayu, harbin farko a 6 ga Yuli.

Akwai wani tsohon tela a Unguwar Shanu da nake kai wa ɗinki. Yanzu ido ya yi rauni, yaransa ne a kan keke, shi yana zaune a benci yana yanka yana duba wuyan riga. Yana saurayi aka yi abin. Ya ce mini sun ji rugugin kafin sahur, mahaifinsa ya ce kowa ya koma ya kwanta, sojoji ne da atisayensu da suka saba. Sai da gari ya waye aka ga hayaƙi, aka ga motocin soja a kan titi, kasuwa ta ƙi ci. Wannan ɓangaren tiryan-tiryan yake ba da shi, har da yadda mata suka kasa ɗora tukunyar buɗa-baki. Da na ce, "Baba, to na watan Satumba fa?" sai ya ajiye almakashi.

"Kai yaro, me ya kai ka can?"

Can dai ya ce akwai wani Inyamuri mai gyaran agogo a layinsu, mahaifinsa ya ɓoye shi da matarsa a ɗakin da ake ajiye itace, daga baya aka sa masa babbar riga da hula aka raka su tashar jirgin ƙasa. Na ce, "Baba, ai wannan abin alfahari ne, me ya sa ba ka faɗa?" Ya ce, "In na faɗi wanda ya ɓoye, sai an tambaye ni su wa ake gudu. Su ma 'yan layinmu ne. Jikokinsu suna nan, wasu ma ni nake yi musu ɗinkin Sallah."

Irin wannan shirun yana gida-gida a garin nan, ina kuma jin akwai takwaransa a Enugu da Onica, inda ake koya wa yaro Satumba da yunwar yaƙi, a tsallake daren Janairu kamar ba a yi shi ba. Kowane ɓangare yana fara labarinsa ne daga ranar da aka cuce shi.

Haka kuma ba mu son waiwayar abin da ya gabaci daren. Ƙasar ba lafiya lau take zaune ba sojoji suka faɗo daga sama. An yi rikicin jam'iyyar Action Group da dokar ta-ɓaci a Yamma a 1962. An yi rigimar ƙidayar jama'a. Zaɓen tarayya na 1964 an yi shi cikin ƙauracewa da zargin maguɗi, na Yamma a Oktoban 1965 ya fi shi lalacewa, har ana zuba wa mutane da gidaje fetur ana cinna wuta. Awolowo yana kurkuku a Kalaba. A ƙasar Tibi an yi bore a 1960 da 1964, aka tura sojoji. A cikin gidanmu ma, tambayi duk tsohon ɗan NEPU yadda suka sha da 'yan doka da kotunan alƙalai na En'e, ko ka karanta sau nawa aka ɗaure Hajiya Gambo Sawaba. Faɗar wannan ba cin mutuncin Sardauna ba ne. Mutum ne da ya yi mulki a zamanin da ke da nasa kura-kuran, ya kuma yi aikin da har yau muna cin moriyarsa. In muka mayar da zamaninsa aljannar duniya, to mun hana 'ya'yanmu fahimtar dalilin da ya sa a wasu garuruwan Kudu aka yi murna da safiyar Asabar ɗin nan, alhali a nan ana kuka.

Rabin na biyu, na 1970, shi ma an rage masa nauyi. Wata talatin aka yi ana gwabzawa. Alƙaluman da masana ke bayarwa na waɗanda suka mutu sun fara daga dubu 500 har sun haura miliyan 2, akasarinsu ba harsashi ne ya kashe su ba, yunwa ce, kuma yara sun fi yawa. A Asaba, a Oktoban 1967, sojojin tarayya sun tara maza fararen hula suka harbe. Samarin Arewa da na Tsakiya da aka ɗiba aikin soja daga ƙauyuka, da yawa ko gawarsu ba a gani ba. Ojukwu ya tashi zuwa Kwaddibuwa, ya bar Philip Effiong da ragowar, shi kuwa Effiong ya sanar da ajiye makamai ta rediyo a 12 ga Janairu, ranar 15 ya tsaya gaban Gowon a barikin Dodan da ke Legas ya ce Biyafara ta daina wanzuwa. Gowon, yaron Wusasa, yana da shekara 35 a lokacin. Ya rungumi mutanen, ya ce babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci da yaƙi. Ba a kafa kotunan rataye waɗanda suka sha kaye ba, duk da ƙasashen waje da yawa sun zuba ido suna jiran kisan kiyashi. Wannan babban abu ne, ya cancanci a koya wa yara shi. Amma a koya musu har da fam 20 da aka ba duk wanda ya yi hulɗa da kuɗin Biyafara a asusunsa komai yawan ajiyarsa, da gidajen Fatakwal da aka ce wai an yi watsi da su aka hana masu su. Wanda bai san waɗannan ba, ba zai gane me ya sa samarin da aka haifa shekara talatin bayan yaƙi suke ɗaga tutar Biyafara ba.

To me muke yi da ranar yanzu? Da can, 11 ga Nuwamba ake tunawa da sojojin da suka mutu, kamar sauran ƙasashen da Ingila ta raina. Aka dawo da ita 15 ga Janairu saboda ƙarshen yaƙin basasa. A Abuja shugaban ƙasa zai ajiye furanni, a harba bindiga, a saki fararen tantabaru. A 2021 tantabarun suka ƙi tashi, muka kwana biyu muna raha da abin a waya, shi ne kawai yawancinmu muka riƙe daga bikin shekarar. Ba na ƙyashin a karrama soja, musamman yanzu da yaran talakawa ke mutuwa a Sambisa da dazukan Birnin Gwari. Sai dai wanda ya ga tsofaffin sojoji cikin kakinsu da ya koɗe suna tsaye a rana suna jiran manya su iso, ya kuma san yadda matan mamatan ke zarya kan haƙƙin mazajensu, zai yi wuya furannin su burge shi. Kuma a duk jawaban ranar da wuya ka ji an faɗi yadda aka yi aka kai ga yaƙin.

Namu taron na tunawa da Sardauna kuwa, Bahaushe ya riga ya faɗa: tuna baya shi ne roƙo. A cika zaure da manyan riguna, a kira shi Gamji ɗan ƙwarai, a ce ya rasu bai bar gidan kansa na a-zo-a-gani ba, a tafa, a hau motocin da kuɗin ɗaya zai gyara makarantar firamare sukutum. A lissafa ayyukansa: Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, gidan rediyo da talabijin na Kaduna, Bankin Arewa, kamfanin raya Arewa na NNDC, masaƙar Kaduna da aka buɗe a Kakuri a 1957, jaridar New Nigerian da ta fara fitowa a 1 ga Janairun 1966, mako biyu cif kafin a kashe shi. Daga zauren taron, ka hau Keke Napep ka je Kakuri ka leƙa ta katanga. Ciyawa ce da kwanon rufi da ya ɓalle. Masaƙar ta tsaya tun farkon shekarun 2000, ma'aikatanta da yawa sun mutu suna jiran kuɗin sallama. Bankin Arewa ya narke cikin haɗakar bankuna ta 2005. Ba Nzeogwu ne ya rufe waɗannan ba. Amma muddin za mu iya cewa "tun da aka kashe Sardauna Arewa ta zama marainiya", to babu wanda za a tambaya ina ya kai amanar da aka bar masa. Maraicin ya zama mafaka.

Na san abin da za a ce mini: a bar kaza cikin gashinta, garin da bai gama warkewa ba kada a sosa masa miki. Ban raina wannan tsoron ba, don na san garin. Tun rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002, kogin Kaduna ya zama iyaka. Musulmi suka tattaro zuwa Tudun Wada, Rigasa, Kawo da Badarawa. Kirista suka koma Sabon Tasha, Narayi, Television da Unguwar Romi. Akwai yaran da aka haifa bayan nan, yanzu har sun yi aure, ba su taɓa zama aji ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Amma shirun da muka yi na shekara talatin da huɗu, daga 1966 zuwa 2000, ya hana wani abu? Salon bai canza ba ko kaɗan: wani ya yi laifi a wani wuri, jita-jita ta riga gaskiya isowa, a fita a huce a kan maƙwabcin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kuma labarin da muka ƙi bayarwa a aji ba ɓacewa ya yi ba. Yana nan a TikTok da Facebook, a bakin wanda ya fi kowa iya zagi, an yanke shi daidai yadda zai tafasa jini.

Gwamnati da kanta ta taimaka wa wannan duhun. A 2009 aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, sai a 2022 aka yi shelar dawo da shi. Duk wanda ya yi makaranta a tsakanin nan, yana bin titin Ali Akilu da na Isa Kaita kullum, yana jin ana cewa Gidan Sir Kashim, bai san su wane ne ba. Bai san Ali Akilu shi ne sakataren gwamnatin Arewa ba, bai san Isa Kaita ya riƙe ma'aikatar ilimi ba, balle ya san Sir Kashim Ibrahim shi ne Gwamnan Arewa da masu juyin suka tsare a daren amma ba su kashe ba. Bai san a gwamnatin Sardauna akwai ministoci Kirista irin su Michael Audu Buba da Peter Achimugu ba, ko cewa Sunday Awoniyi, Bayaraben lardin Kabba, yana cikin ma'aikatan da suka yi aiki kusa da shi. Yaron Sabon Tasha yana ɗauka Sardauna na Hausawa ne kawai, yaron Rigasa ma haka yake ɗauka.

Abin da nake nema ba ya buƙatar sabon gini ko kwamiti mai motoci. Gidan da abin ya faru yana nan a kan titin Rabah, shi ne Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi ta Jami'ar Ahmadu Bello, da ɗakin karatunta da kayan tarihinta. Rumbun adana takardun tarihi na ƙasa yana da reshe a garin nan. A ware 15 ga Janairu a kwaso ɗaliban sakandare daga hayin kogi biyu, a mota ɗaya in zai yiwu, a zaunar da su a harabar. A karanta musu sunayen duk waɗanda aka kashe a daren, daga Firimiya har kurtun ɗan sanda. Malamin tarihi, ba ɗan siyasa ba, ya bi da su daga 1962 zuwa 1970 ba tare da tsallake Mayu da Satumba ba, ba tare da tsallake Asaba ba. A bar su su yi tambaya, ko da mai zafi ce. Gidajen rediyonmu, maimakon layi ɗaya a jerin "Yau a Tarihi", su ba ranar awa guda da Hausa, don mafi yawan abin da aka rubuta kan shekarun nan da Turanci yake, mutanen da abin ya fi shafa kuwa ba su karanta shi.

Akwai kuma aikin da ba zai jira ba. Wanda yake da shekara 15 a 1966, a 2026 shekararsa 75. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Jihar Kaduna da na Zariya kowannensu yana da waya mai ɗaukar murya a aljihu. A tura su unguwa-unguwa, Abakwa, Kakuri, Tudun Nupawa, Sabon Gari, su zauna da tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa da na masaƙa, da tsofaffin sojoji, da 'yan Ibo da suka gudu suka kuma dawo bayan yaƙi suka sake buɗe shagunansu. Wanda ya ce a sakaya sunansa a sakaya. A ajiye muryoyin a Gidan Arewa, inda mai bincike zai same su.

In mun iya da Janairu, sai mu shirya wa 29 ga Yuli, wadda za ta fi yi mana wuya, don a ita hafsoshinmu ne ke riƙe da bindigar. Ita ma rana ce mai ɗauke da abu biyu: a 1966 ta buɗe wa Gowon hanyar mulki, a 1975 kuma, yana taron shugabannin Afirka a Kampala, a ranar aka sanar da hamɓarar da shi, Murtala Muhammad ya hau.